Bugu Ɗaya

Babanmu tsohon direban ofis ne, kuma duk duniya ba abin da yake tinƙaho da shi kamar tsohuwar bas ɗinmu. Ƙofarta da igiya ake ɗaurewa, makulli kuwa ado ne, don sai mun tura take tashi. Shi yana hakimce a gaba yana daka mana tsawa: "Ku sa ƙarfi, ragwaye!" In ta yi tari ta kama, sai ya leƙo ya ce wa maƙwabta, "Kun gani? Bugu ɗaya!"

Da autanmu ya tafi jami'a, bas ta ƙi motsi. Baba ya hau zagin kanikawa. Mama ta ce, "Malam, ƙyale bayin Allah. Injin naka ne ya girma ya bar gida."