Fam Ɗari

A inda na tashi, a Jos, fam kuɗi ne. Naira biyu ita ce fam guda. Da shi muka sayi gero, da shi muka sayar da ƙosai. To, da wannan kunnen na ji maganar 'yata ranar da ta dawo daga wurin likitan dabbobi ta ce, "Inna, babban nan, shi da akwatinsa, kada su wuce fam ɗari. In sun wuce, jirgi ba zai ɗauke shi ba." Na ce a raina, ashe kuɗin jirgin kare da araha. Na ci gaba da tsintar wakena.

Karnukan biyu ne, na mijinta ne, Allah ya jiƙansa: wata 'yar ƙarama fara, da wani ƙato baƙi mai kai mini ƙugu. Shekarata goma sha ɗaya a hawa na biyar a unguwar Morris Heights, can ƙasar Turawa, shida daga ciki tare da su, ban taɓa shafa ko ɗaya ba. Ba sa shiga ɗakina. Dardumata kuwa a saman kabad take kwana.

Na daɗe ina roƙon a mai da ni gida. Jikokina sun girma, kowa ya kama gabansa, in na yi musu Hausa su amsa da Turanci. Da 'yata ta ajiye aikin asibiti sai ta yarda mu koma tare, amma ta kafa sharaɗi guda: ba za ta bar karnukan mijinta a baya ba. "In ba su tafi ba, Inna, ni ma ba inda za ni." Na san halinta. Ba ta faɗin magana sau biyu.

Saura kwana goma mu tashi, sai na ga ta rage wa baƙin abinci. Rabin kofi da safe, rabi da yamma. Ban tambaya ba, na ɗauka buhun ne ya kusa ƙarewa ba ta son sayen sabo. In ta fita harkar takardu, sai ya zo bakin kicin ya zauna, bai yi haushi ba, bai yi komai ba, idonsa kawai a kan tukunya. Ni kuwa ba a raine ni in ci abinci mai rai yana kallona ba. Na fara da ƙanzo. Daga ƙanzo sai malmala guda. Ranar tafiya da safe, sauran tuwo da miyar kuka da suka rage, na ga ba zan zubar da su a shara ba, na juye masa duka.

Jirgin da ya yarda da karnuka ba daga nan yake tashi ba, sai can wajen Washington. Muka ɗauki hayar babbar mota, ita ke tuƙi. Mun miƙa makullin gida, kaya sun riga sun tafi ta ruwa. Maƙwabciyarmu 'yar Kumasi ta raka mu har ƙasa tana cewa, "Mma, in kin je ki ci nama da sunana."

Mun haye babbar gada, gari yana komawa bayanmu, sai 'yata ta sauke numfashi ta ce, "Allah dai ya sa ya rage. Ranar da likita ya auna shi, da akwatin, fam casa'in da tara ne."

Na ce, "Auna shi?"

"A sikeli mana. Nauyi. Shi ya sa nake ta ja masa abinci."

Na waiwaya, ga shi kwance a baya, cikinsa ya baje, yana kallona da irin kallon da ake yi wa wanda aka sani.

Muka yi tafiya mai nisa. Manyan motoci suna wuce mu, ina jan carbi ban san abin da nake faɗa ba. Ba gidan komawa. In aka ƙi karen, ita za ta zauna, in ta zauna ni ma na zauna, kuma wani hunturun ne zai same ni a ƙasar nan.

A wurin hutawa ta fito da su su sha iska. Baƙin ya ja igiyarsa har sai da ya iso gabana, ya zauna, ya ɗora ido a kan jakata.

"Inna, yaushe kuka ƙulla zumunci?" in ji ta, tana dariya.

Na ce, "Ke, zo nan." Na gaya mata duka, tun daga ƙanzo har tuwon safe.

Dariyar ta ɗauke. Ta ce, "Malmala nawa?"

"Ban ƙidaya ba. Na ɗauka kuɗi kike nufi."

Ba ta yi faɗa ba, da ma ta yi. Ta ja shi suka yi ta zagaya ciyawa, sau biyar, sau shida, ko zai rage abin da ke cikinsa. Ni kuma ina tsaye a jikin mota ina roƙon Allah wani irin roƙo da ban taɓa zaton zai fito daga bakina ba. Karen ya shinshina kowace bishiya, bai yi komai ba.

Daga nan muka kama hanya har filin jirgi.

Wani dattijo mai furfura ne ke kula da sikelin. Ƙaramar ta wuce ba matsala. Aka cicciɓo akwatin baƙin aka ɗora. Ni ba na karatu, don haka fuskar 'yata na duba, kuma a nan na karanta.

"Ɗari da biyu," ta ce, ba ta kalle ni ba.

Ta yi wa mutumin magana, ya girgiza kai a hankali. Ta sake yi, ya nuna mata takarda. Mutanen da ke bayanmu suka fara gyaran murya.

Na sunkuya na leƙa cikin akwatin. A ƙarƙashin karen akwai katifarsa, mai kauri, wadda marigayi ya saya masa. Na ce, "Wannan fa? Ita ma ana auna ta?"

Ta dube ni. Ta tambayi mutumin. "Ya ce za a iya cirewa, amma dole a shimfiɗa masa wani abu, ba a sa shi a kan roba tsirara."

Zane biyu na ɗaura a ranar saboda sanyin jirgi. Na kwance na sama, atamfar da na yi niyyar sauka da ita a gida. Ta fito da karen, ta zaro katifar. Ni da hannuna na ninka zanen biyu, na durƙusa na shimfiɗa. Ya shinshina shi, ya shiga da kansa, ya juya sau ɗaya ya kwanta.

Aka sake ɗorawa. Dattijon ya duba, ya ɗauki takarda mai gam ya manna a jikin akwatin.

'Yata ta tsaya rungume da katifar da mijinta ya saya, ba ta san inda za ta ajiye ta ba. Na karɓa na riƙe mata.

"Inna, atamfarki ce mai kyau."

Na ce, "Mu je, kada su rufe ƙofa."