Lokotoron da ya saki matarsa don ya ga bakin surukinsa

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina, Lokotoro Sidi, wato likita. Ni maƙerin azurfa ne, lekol ɗina, wato bokona, bai wuce in rubuta sunana a karkace ba, jikana ne ke gyara mini wannan rubutu yana dariya. Amma na taɓa yin aikin lokotoro na yini ɗaya.

Surukin Sidi, tsoho Agali, Ba'abzine ne na Ingall. Aka kawo shi Agadez wuya a kumbure, ko ruwa ba ya wucewa. A lokacin, in ba Sidi ba, babu mai iya taɓa irin wannan ciwo a garin. To amma kowa ya sani, dattijon Abzin ba ya sauke amawali ya buɗe baki gaban mijin 'yarsa. Tsoho ya ce gara a haƙa masa kabari.

Sai Sidi ya kira ni. Ya zauna bayan tabarma ya juya baya, ni na leƙa bakin tsoho da tocila. Ya ce, "Maƙeri, me ka gani?" Na ce, "Kamar dabinon Fachi da ya kwana cikin ruwa." Ya ce, "Dama ko hagu?" Na ce, "Damata ko tasa?" A nan Sidi ya gane cewa da idona za a kashe masa suruki.

Ya tashi, ya zagayo, ya tsaya gaban tsoho. Matarsa Tekna tana bakin ƙofa. Ya ce, "Baba, na saki 'yarka, saki ɗaya. Yanzu ni ba kowa ba ne a gare ka sai lokotoro. Buɗe baki."

Wallahi tocilar faɗuwa ta yi daga hannuna. Tsoho ya daɗe yana kallonsa, sannan ya ja amawali ƙasa da hannunsa. Sidi ya fasa ƙurjin, ni ina riƙe da kwano ina salati. Washegari tsoho ya sha fura. Sidi ya mai da aurensa tun a ranar, amma Tekna ta bi ubanta Ingall, sai bayan damina ta dawo. Malamai sun yi masa faɗa kan wasa da igiyar aure, abokan aikinsa suka ce tun farko bai kamata ya taɓa ɗan gida ba. Ya ce duk sun yi gaskiya.

Makon jiya na je gidan likita duba wani maƙwabcina da ramin zinariya ya rufta da shi. Na tarar wani yaron lokotoro ya ɗauki hoton rauninsa da salula ya aika wa manyan lokotoro a Yamai, amsa ta dawo kafin shayi ya tafasa. Na ce, Allah sarki Sidi, da da wannan abu da aurenka bai girgiza ba. Amma da na isa fada, majalisarmu ta shan shayi, da la'asar, sai ga hoton nan a salular kowa, wani ɗan rakiya ya ɗauki nasa ya watsa. Mutum kwance babu riga, uwarsa ma ba ta ji labari ba tukuna. Na kasa shan shayina. Mutumin da ya sa aurensa a wuta don kada tsoho ɗaya ya ji kunya, me zai ce da ya ga wannan?

Na je na tambayi Tekna, tana nan da ranta, ta tsufa. Na ce, "Hajiya, kin yafe masa kuwa?"

Ta ce, "Ban yafe ba, Maƙeri. A gaban mutane fa ya sake ni." Ta gyara mayafi. "Amma da ya bar ubana ya mutu da baki a rufe, ni da kaina zan bar masa gidan."

Allah ya jiƙan Sidi, ya sa ya huta.