Tabaraun da Yaya Ya Aiko wa Inna

Tun da na yi wayo ban taɓa jin Inna ta faɗi sunan Yaya ba. Shi ne ɗanta na fari, kuma a gidanmu na Yekuwa uwa ba ta kiran ɗan fari, ba ta kallonsa ido da ido, balle ta yi masa dariya. "Wancan" take ce masa. Ana yaye shi kakarmu ta ɗauke shi. In ya zo gaisuwa ya durƙusa, Inna sai ta juya wajen turmi ta amsa da ƙeya. Ni auta kuwa har na shiga lakwal, wato makarantar boko, ina kwana a jikinta.

Abin yana ci mini rai, ba zan ɓoye ba. Na sha yi mata tsiwa, in ce, "Inna, mutumin nan fa ke kika haife shi." Sai ta ce in rufe mata baki, ba ni da ta ido.

Yaya ya yi karatu ya tafi Faransa, ya samu aiki, ya yi iyali a can. Ni na zama malamar lakwal a Magariya. In ya kira ta bidiyo na kai mata waya, sai ta ja mayafi ta kawar da kai, ta ce in gaya masa tana lafiya. Shi kuma ya yi ta dariya yana kallon kunnenta.

Sai ciwon daji ya kama shi. Likitoci suka hana shi tafiya mai nisa, ya rame har na daina son kiran bidiyon. Ran nan ya ce mini, "Auta, ba na son in tafi ban ga fuskar Inna tana dubana ba." Na ce ya daina irin wannan magana, na kashe wayar na yi kukana.

Bayan wani lokaci wani ɗan kasuwa da ke zuwa Kano ya kawo mini kwalin da Yaya ya aiko ta can. Wani ƙaton tabarau ne mai maɗauri, in ka sa shi sai ya rufe maka ido da goshi. Na fara gwadawa. Sai ga ni a wani ɗaki da ba nawa ba, ga Yaya zaune gabana. Siffarsa ce aka zana, da kumatunsa cike kamar kafin ciwo. Ya yi mini bayani cewa akwai ƙananan kyamarori a jikin abin, wasu na duban ido da gira, wasu na duban baki, duk yadda fuskar mutum ta motsa haka siffarsa za ta motsa a wancan ɓangaren. Na murguɗa masa baki, ya ce ya gani, har yanzu ban yi hankali ba. Siffar Inna ma ya sa an yi ta daga wani tsohon hoto.

Na aika aka ɗauko Inna a amalanke zuwa bakin hanya, daga nan mota ta kawo ta Magariya, don rezo, wato sabis ɗin waya, ya fi ƙarfi a gidana. Na gaya mata gaskiya tsaf, na ce abin nan yana karanta fuska, zai nuna masa. Ta jujjuya shi a hannu, ta leƙa ciki, ta ce, "Ke dai da surutu. Abin da ya rufe ido ne zai nuna ido?" A wurinta mayafi ne kawai mai nauyi. Shi ya sa ta yarda.

Bayan la'asar na ɗaura mata, na gyara mata ɗankwali. Ta ce in fita in ja ƙofa. Na zauna a tsakar gida ina tsince wake, ina jin muryarta sama-sama. Gaisuwa ce irin tata, gajera, ya jiki, ya yara, Allah ya sawwaƙe. Sai shiru mai tsawo. Na ce a raina tsohuwar nan ba za ta taɓa sakewa ba, haushi ya kama ni har na zubar da waken.

Da ta fito ta miƙo mini abin ta ce ya matse mata kai. Soson da ke jikinsa ta wajen ido a jiƙe yake.

Yaya ya kira ni daga baya, da kyar yake magana. Ya ce, "Auta, ta dube ni. Tun da ta zauna idonta bai bar kaina ba. Na ce mata har yanzu ina tuna furarta, sai ta yi murmushi. Ashe Inna gefe ɗaya take murmushi, irin nawa." Ya ce daga baya bakinta ya yi ta rawa, girarta ta haɗe. Hawaye ne kawai abin bai iya nunawa ba. Na gaya masa zancen soson.

Kafin a cire gero ya rasu, aka binne shi a can. A zaman makoki mata suna ta kuka, Inna na zaune da carbi, fuskarta a bushe, kamar yadda ake son uwar ɗan fari ta kasance. Har yaba mata aka yi.

Bayan sadakar arba'in na je Yekuwa, na same ta ita kaɗai tana ɓarar gyaɗa a gindin rumbu. Can ta ce, ba ta ɗago ba, "Abin nan da kika ce yana karanta fuska. Da gaske kike?"

Na ce, "Da gaske ne, Inna."

"To wancan ya gani ke nan?"

Na zaci faɗa za ta yi. Na ce, "Ya gani. Ya ce murmushinku iri ɗaya ne."

Ta ajiye gyaɗar da ke hannunta. Sannan ta ce, "Alhamdu lillahi." Ta ja mayafi ta rufe fuska, a cikinsa na ji ta kira sunansa a hankali.