Sodangi, Wanda Mai Hoto Ya Duƙa Wa

Ranar Laraba, goma sha biyu ga watan Rajab, ina cikin lambun albasata a Danchadi aka zo mini da labarin rasuwarka, Sodangi. Daga Allah muke, gare Shi za mu koma.

Mun daɗe tare a fadar marigayi hakiminmu. Tsawonka bai wuce ƙugun dogari ba. Baƙi kan ce maka wada, ka amsa musu da fara'a, ka tambayi lafiyar gidansu. Kakanka ma haka Allah Ya yi shi, kuma a wannan fada ya yi hidima, sai dai babu wanda ya san kamanninsa a yau. Wannan yana damunka.

Shi ya sa ranar da mai hoto ya zo daga Sakkwato ka sha babbar riga da hula sabuwa. Mai hoto ya jera fadawa, ya ce kai ka zauna ƙasa ka rungumi takalman hakimi, wai hoton zai fi ban sha'awa. Ka ƙi. Muka ji maka tsoro, don musu a gaban baƙo yana iya raba mutum da fada.

Ka ce, "Ranka shi daɗe, in anka ɗauke ni hakanga, jikokina cewa za su yi kakansu darduma ne."

Hakimi ya sa a kawo turmi ka hau. Shi ma ka ƙi. "Tsawon da Allah yab ba ni ya ishe ni. Mai hoto shi duƙa."

Ya kuwa duƙa. Da hoton ya fito, ga ka nan cikakke daga hula har takalmi, hakimi kuma an yanke masa kunnuwan rawani. Ya yi dariya har da hawaye, ya sa aka rataye shi a zaure.

Da wannan bakin ka taimaki mutane. Lokacin da wani ɗan gidan sarauta ya so ƙwace fadamar Kaltume ta Mandera, matar da mijinta ya rasu ya bar ta da marayu, duk mun yi gum. Kai ka shiga da barkwanci, ka tambayi hakimi ko albasar marayu ta fi daɗi a miya. Kafin la'asar an mayar mata da gonarta. A wurin zaman makokinka ita ta fi kowa kuka.

Ina miƙa ta'aziyya ga uwargidanka Inno, da 'ya'yanka Shamsuddeen da Nana Hauwa, da 'yan'uwanka na Bodinga da Shagari. Allah Ya ba su haƙuri. Allah Ya jiƙanka, Ya yafe kurakuranka, Ya haskaka makwancinka. Ka sa mu dariya tsawon rayuwarka, abokina. Allah Ya sa ka tarar da abin da zai sa ka murmushi.