Asusun da Yahuza Bai Yanka wa Kaso Ba

Yahuza Sabo mutumin Indabo ne, kuma shekararsa goma sha ɗaya yana kula da kwamfutocin sashen nazarin ƙasa da ruwa na wata jami'a a Wudil. Mahaifinsa manomin rani ne, shi ke raba wa maƙwabta ruwan inji, kowa da lokacinsa. Yahuza yakan ce a bakin wannan inji ya fara koyon aikinsa, difiloma daga baya ta zo.

A ofishinsa akwai sabar guda, babbar kwamfutar da malamai da ɗalibai kusan arba'in ke tura wa aiki. Aibinta ɗaya ne: idan aikin mutum guda ya cinye memori, wato wurin da take riƙe lissafi tana cikin yin sa, sai ta sandare wa kowa. Saboda haka Yahuza ya yanka wa kowane asusu, wato sunan da mutum yake shiga sabar da shi, kason memori. Aikin da ya zarce kasonsa, shi kaɗai ake tsayarwa.

Asusu ɗaya ya tsallake. Dokta Muhyiddeen, shugaban sashen, shi ya ɗauki Yahuza aiki, shi ya tsaya masa ranar ɗaurin aurensa. Yahuza ya buɗe asusun Dokta, ya ga kamar zai auna wa ubansa tuwo, sai ya rufe. Bai faɗa wa kowa ba.

Wata Laraba da hantsi sabar ta sandare. Radiyya, ɗalibar digiri na biyu, kwana tara ke nan lissafinta na ambaliyar gonakin bakin kogi yana gudana, kuma sai ta miƙa sakamako ranar Litinin za a sa ta cikin masu kare bincike a wannan zangon. Yahuza ya gwada duk dabarar da ya sani, a ƙarshe ya kashe na'urar ya kunna. Kwana taran nan suka tafi.

A baranda, gaban mutane, ya ɗora laifin a kan haɗamar ɗalibai, har ya ce aikin Radiyya ma ya cika nauyi. Ita dai ta tambaye shi ko ta wuce kasonta ne. Ya ce zai duba.

Ya duba. Ko rabin kasonta ba ta kai ba. Asusun Dokta ne ya cinye komai. Dokta yana Zariya taro a makon, amma ya ba ɗalibai uku kalmar sirrinsa, don sun yi masa kukan ana tsayar musu da aiki.

Kwana biyu Yahuza yana shiga ofis ta ƙofar baya. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci ya sami Dokta, wanda ya dawo daga Zariya, ya gaishe shi har gaisuwar ta ƙare, sannan ya faɗi abin da ya yi.

Dokta ya ce, "Yahuza, ni na roƙe ka ka ware ni? Ka ji kunyata, yarinyar mutane ta kwana a ciki."

A gabansa Yahuza ya yanka wa asusun kaso daidai da na kowa. Daga nan ya nemi Radiyya, a barandar da ya kunyata ta, ya ce laifinsa ne ba nata ba.

"Ba komai, Malam," in ji ta.

Ranar Litinin aka liƙa sunaye, babu nata. Wata huɗu ta ƙara jira. Sabar ba ta sake sandarewa ba, amma duk sa'ad da aka yaba masa a kan haka, Yahuza yakan sunkuyar da kai ya kawo wata magana.