Tsamiyar Barau

Da asuba, kafin ya ɗauki hauya, Barau yakan tsuguna a gindin tsamiyar ƙofar gidansa a Kwaya, ya ɗaga kai yana kallon shamuwa. Ni maƙwabcinsa ne, ginin rijiya nake yi, kuma ban taɓa ganin kallo ya cika rumbu ba. Amma a garinmu wanda shamuwa ta zaɓi bishiyarsa yana da daraja. Ita ke kawo labarin damina, ba a taɓa sheƙarta.

A zamanin Faransa wani Nasara, likitan shanu daga Magaria, ya soma zuwa da madubin hangen nesa. Yakan zauna kan turmi kusa da Barau, su yi ta kallon shamuwa har rana ta ɗaga. Barau har aboki yake ce masa.

Wata bazara ya zo da akwatin ɗaukar hoto mai ƙafa uku. Bai zauna ba. Ya zagaya, ya leƙa, ya ce ganye ya tare masa haske, a sare rassan da suka rufe sheƙar.

"Mushe, akwai ƙwai a ciki," in ji Barau, da yake haka ake kiran Bafaranshe. "Ka zauna, za ta sauko ka gan ta."

"Na gaji da gani. Abin da zan kai gida nake so."

A lokacin ba a ce wa Nasara a'a sau biyu. Barau ya hau da gatari da kansa, wai hannunsa zai fi na wani sauƙi. Aka ɗauki hoto. Rana ta gasa ƙwan, hankaka ya ƙarasa, shamuwa ta tashi.

Ruwa ya yi jinkiri a shekarar, shuka ta ƙone. Ba mai iya zuwa Magaria ya tuhumi Nasara, sai aka tuhumi Barau. Ranar da ya kira gayya a gonarsa, ni kaɗai na je.

Daga baya ɗan aike ya kawo hoton. Matar Barau, Dela, ta jujjuya shi ta ce, "Malam, ga abokinka ya maido maka tsuntsuwarka. Ɗora ta kan ƙwai mu gani."

Nasaran bai sake zuwa ba. Ganina na ƙarshe da Barau, ranar da zan tafi aikin rijiya Sassumbrum, yana bisa tsamiyar da furfurarsa, yana ɗaure tsohon kwando a dungun reshen da ya sare, ko wata shamuwar za ta sauka.