Kazar da ta riga ni takawa

Kafin in karye ban san ƙafa tana da sassa ba. Ƙafa ce kawai, in taka ta in tafi gona. Sai shekarar da kumandan, Baturen mulki, ya sa ana kwasar maza aikin hanyar Magariya, na zame da kwandon tsakuwa a ka, na ji idon sawuna na dama ya yi ƙas. A kan jaki aka maido ni ƙauyenmu, kusa da Guci.

Mai ɗorin garinmu tsoho ne marar fara'a, amma ya san aikinsa. Ya bi ƙafar da yatsa yana nuna mini abin da na mallaka ban sani ba. Ga ƙasusuwa biyu da suka sauko daga ƙwauri suka riƙe wani ƙashi a tsakaninsu, kawunansu ne idon sawu na ciki da na waje. Ga agara tana jan dunduniya ta baya. Ga ƙananan ƙasusuwa a jere bisa tafin ƙafa, su ke raba nauyin mutum har zuwa yatsu. Ya ce, "Na waje ya karye, na ciki ya tsage."

Ya ja ƙafar, na kurma ihun da har yau nake jin kunyarsa, ya jera kara ya ɗaure. Sannan ya yi yadda gidansu suka gada: ya karɓi kazar matata, ya karya mata ƙafar dama, ita ma ya ɗora ta. Ya ce, "Ran da kazar nan ta taka, kai ma ka taka." Mai gari yana wurin, shi ke ba gardi, dogarin kumandan, sunayen masu tafiya aikin hanya. Ya ce an ɗaga mini har kaza ta taka.

To, kaza me take ɗauka ban da gashinta? Kwana ashirin ta miƙe. Ni kuwa sawuna yana nan suntum, ko tabarma ta taɓa shi sai na cije baki. Matata ta kife kazar da kwando a bayan rumbu, ta ce, "Maigida, kada ka gaya wa kowa." Kwana huɗu muka ɓoye ta. Ran na biyar maƙwabta suna sussuka, kazar ta suɓuce, ta bi ta ƙofar mai gari a guje.

Da tsohon ya zo kwance ɗori na ce masa, "Baba, ƙafar nan ba ta yi ba." Ya danna idon sawun na waje. Na ga a fuskarsa ya sani. Amma in ya faɗa, ya ƙaryata gadon gidansu a gaban mutane. Ya ce, "Kaza ta taka," ya kwance karan.

Aka maida ni aikin hanya, kwanana uku a can sawun ya sake gocewa, dunduniyar ta karkace ciki. Gardi ya duba ya ga ba ni da sauran amfani, ya koro ni gida. Tun daga nan da gefen ƙafa nake takawa, har fatar wurin ta yi kanta. Gonata ta nesa na bar wa ƙanena, don ba na iya kaiwa. Gardin na manta kamanninsa, amma tsohon nan har yau ina jin haushinsa, ko da yake ya daɗe a ƙasa.

Kazar ta ƙara shekara uku tana tone-tone a tsakar gidana, ko ɗingishi babu. Kullum da safe ina zaune ina kallonta, maza suna wucewa gona.